Wai da gaske birai suna sulhu bayan faɗa? Tsuntsaye fa?

Ɗan Wunti:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin dabbobi ku taimaka min. A Yankari kusa da Wikki na ga gwaggon biri mata biyu sun kaure da faɗa kan ledar burodi da suka fizge a hannun wani, ihu ba a magana, amma ba a jima ba sai ga wadda ta yi cizon ta matso tana gurnani ƙasa-ƙasa, ɗayar kuma ta zauna tana tsefe mata gashi. Shiryawa suka yi kenan ko ni ne nake musu kallon mutane? Don kajina a gida ban taɓa ganin wadda ta caccaki 'yar uwarta ta dawo lallashi ba.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa idonka ya gani daidai, sulhu ne, kuma an daɗe da rubuta shi. Masanin birai Frans de Waal ya fara bayyana shi a 1979 daga birai cimfanzi na gidan zu ɗin Arnhem a ƙasar Holan, ya ga bayan faɗa abokan rigimar kan rungumi juna har da sumba. Shi kuma gurnanin nan da ka ji, Cheney da Seyfarth sun bibiye shi a gwaggon birin Botswana, suka gano idan babba ta yi wa ƙarama shi bayan ta zalunce ta, ƙaramar kan saki jiki ta daina guje mata. Dalilin a ganina a fili yake, matan gwaggon biri a garken da aka haife su suke mutuwa, maza ne ke ƙaura in sun girma, to wadda kuka yi faɗa da safe ita ce dai za ta cire miki kaska da yamma, ita za ta yi kururuwa in damisa ta taso, gaba da ita asara ce. Kuma matsayi gado ne wajensu, 'yar babba tana gaba da 'yar ƙarama ko da ba ta kai ta girman jiki ba.

Maman Kaji:
Gsky Malam kaji kam ba ruwansu da lallashi, na daɗe ina kiwo a nan Gombe. Kowacce ta san wadda ta fi ta, ta sama ta ci ta ƙoshi ta ƙasa ta jira, shi kenan zaman lafiya. Rigima sai ka kawo baƙuwa, wlh sai su fige mata wuya har jini. Ni keji daban nake sa sabuwa inda za su riƙa ganinta kafin na haɗa su.

Malamin Bayoloji:
Hajiya abin da kika faɗa shi wani Bature ɗan Norwe, Schjelderup-Ebbe, ya rubuta tun wajen 1922. Amma kar a yi wa duk tsuntsaye kuɗin goro. Dangin hankaka daban ne. Masu bincike Fraser da Bugnyar sun yi nazarin wani nau'in babban baƙin hankaka a Ostiriya, a 2010 suka nuna wanda aka doka abokinsa kan zo ya zauna kusa da shi yana gyara masa gashi da baki, a 2011 kuma suka nuna masu faɗan ma suna shiryawa, musamman in dama can akwai shaƙuwa tsakaninsu. Wannan ne yake burge ni sosai, tsuntsu da biri zuriyarsu ta yi nisa matuƙa amma sun faɗa kan hanya ɗaya.

Bagobiri a Bauchi:
Ni dai kar a mayar da su waliyyai. A dajin Gombe na Tanzaniya inda Jane Goodall mai binciken cimfanzi ta fara aiki a 1960, garken cimfanzi ya rabe biyu, daga 1974 zuwa 1978 mazan ɓangaren da ake kira Kasakela suka riƙa farautar na ɓangaren Kahama ɗaya bayan ɗaya har suka ƙarar da su, alhali da tare suke ci suna tsefe juna. Ina sulhun a nan?

Malamin Bayoloji:
Haka aka yi Yallabai, ban musa ba. Ai tunda suka raba daji babu sauran abin da ɗaya ke nema wajen ɗaya sai filin abinci da mata. Ɗan Wunti in ka koma Yankari ka lura da wa ke tsefe wa, ka bi mace ɗaya da ido tun safe za ka gane danginta, kuma dan Allah ka ɓoye ledarka, yawancin faɗan nan na bakin Wikki abincinmu ne ke haddasa shi.