Madauki a zare ɗaya, sauran su aiko masa saƙo

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Laburaren Python ne da ke buɗe zare (thread, wato layin aiki mai gudana da kansa) ɗaya ga kowace soket (mahaɗar sadarwa), ana son mayar da cikinsa kan asyncio (tsarin Python na gudanar da ayyuka da yawa a zare ɗaya) ba tare da an karya tsohon API (hanyoyin da ake kiran laburaren) ba. Ta ina za a fara?

Injiniya: Wa alaikumussalam. Ware zare guda, madaukin (event loop, mai juya ayyukan asyncio) ya zauna ciki da run_forever, soket-soket duka su zama mallakinsa shi kaɗai. Sauran zaruruwa su miƙa masa aiki ta run_coroutine_threadsafe ko call_soon_threadsafe. Kada ka kuskura ka kira call_soon daga waje. Madaukin yana barci a cikin select (kiran da ke jiran soket ta motsa), babu mai tashinsa, aikinka zai kwanta har sai wata soket ta motsa. Na threadsafe ɗin yana jefa bayit ɗaya a wata soket ta cikin gida, shi ke farkar da shi.

Hajiya: Gaskiya ne Malam, amma ga inda ake faɗawa rami. In aka kira result() na abin da run_coroutine_threadsafe ya dawo da shi daga cikin zaren madaukin, an yi cirko-cirko ke nan: zaren yana jiran aiki, aikin yana jiran zaren. Ajiye lambar zaren da get_ident, ka duba ta a bakin kowace ƙofar API, in ta zo ɗaya ka jefa kuskure nan take.

Ɗalibi: Hajiya, asyncio.Lock fa? Ba zai maye gurbin threading.Lock ba?

Hajiya: A'a ƙanena, tsakanin ayyukan madauki ɗaya kawai yake tsaro. Asyncio.Queue ma haka.

Injiniya: Wani abu kuma, tun Python 3.10 an cire loop= daga Lock da Queue, sai a koma get_running_loop. Kuma madauki ba ya riƙe aikin create_task da ƙarfi. In ba ka adana shi a set ba, mai sharar ƙwaƙwalwa (garbage collector) na iya kwashe shi ana tsakar aiki.

Mai C: Kafin ka motsa layi ɗaya, kunna PYTHONASYNCIODEBUG=1. Duk kiran da ya riƙe madauki daƙiƙa 0.1 zai fito a rahoto, irinsu ne za ka tura wa to_thread, mai gudanar da su a wani zare daban. Ka gwada a Windows da wuri, don madaukin da ake samu can tun 3.8 bai san add_reader ba.

Mai tambaya: Rufewa fa?

Hajiya: Soke ayyukan, jira su gama, aika stop ta call_soon_threadsafe, yi join, sannan close. In ka gabatar da close madauki na gudu, RuntimeError za ka sha.