Yaya ake gane kulobar ɓauna, kuma me ke kashe ta?

Ɗalibin Tsirrai:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman haske kan kulobar ɓauna, wato Trifolium stoloniferum, ƙaramin tsiron dajin nan na gabashin Amurka, ɗan dangin wake da gyaɗa. Ta yaya ake bambanta ta da farar kuloba, Trifolium repens? Kuma me ya sa ko an killace wurinta sai ta ɓace?

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. Duba sandar furen. A farar kuloba sandar tsirara take fitowa daga reshen da ke yaɗo a ƙasa, ba ganye. A wannan kuwa za ka tarar da ganye biyu suna fuskantar juna a ƙasan furen, kowanne mai 'ya'ya uku. Furen fari ne, dunƙulalle, faɗinsa kamar santimita 2.5. Ganyenta ba shi da farin zanen nan mai kama da V da ake gani a ganyen farar kuloba. Daga tsakiyar Afrilu zuwa Yuni take fure, lokacin ne ya kamata a neme ta, don in ba fure har gwanaye kan ruɗe.

Malamar Gandun Daji:
Ɗana, killacewar ce ma ke kashe ta. Tsiro ce da ta saba da tattakin ɓaunar Amurka (bison): su take ciyawa, su buɗe ƙasa, su wuce. Da aka ƙarar da ɓaunar a yankin sai ita ma ta ja baya, har aka ɗauka ta ƙare, kafin wani masanin tsirrai, Rodney Bartgis, ya sake gano ta a jihar West Virginia a 1983. Gwamnatin Amurka ta sa ta cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 1987, aka cire ta a 2021.

Tana son hasken da ke ratsowa ta ganyen itatuwa, galibi a ƙasa mai dutsen farar ƙasa: tsofaffin hanyoyin masu yankan katako, maƙabartu, bakin rafi. Rana tsantsa na ƙona ta, inuwa mai duhu na hana ta fure. In aka bar wurin ba taɓawa, baƙin ciyayi su rufe ta. A rage rassan sama, a yanke ciyawa kafin fure da bayan iri ya nuna, kada a yanka tana tsakiyar fure.

Mai Lambu:
Gaskiya ne, Malama. In ƙara da batun iri: ɓawonsa tauri gare shi, ruwa ba ya shiga sai an kankare shi, shi ya sa shuka kai tsaye ba ta cika tsirowa ba. Sannan kada a zaci tana ƙara wa ƙasa taki kamar gyaɗa. Ba a same ta tana kama naitirojin ta ƙullin saiwa ba.