Kwamfutata tana sandarewa ba gaira ba dalili, a taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah masana ku taimaka, abin nan ya ishe ni. Ina da ɗan shago a Tudun Wada, Gusau, ina buga wa ɗalibai firojet da cike musu fom a intanet. Laftof ce tokumbo, Core i5 ƙarni na huɗu, Windows 10, ram 8GB, had dis 500GB. Yayana ne ya sayo min ita da kuɗin adashinmu lokacin da na bar zaman shagon wani, kuma har yau ban gama biyansa rabonsa ba, don haka maganar sayen wata ba ta ma taso ba, kada wani ya kawo ta. Tun bayan hunturu ta fara: ina cikin aiki sai ta sandare cik, maus ba ya motsi. Wani lokaci ta dawo da kanta bayan kamar minti ɗaya, wani lokaci sai na danne maɓallin wuta. Ba shuɗin sikirin, ba wani saƙo. Wata rana ta wuni lafiya, wata rana tun kafin azahar ta gama ɓata min rai. An yi mata fomatin, ba ta daina ba. Jiya rabin babin wata ɗaliba ya tafi, ga aiki jibge.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, zafi ne, kada ka wahalar da kanka. Ƙurar hunturu ta toshe ta, bazara ta zo ta ƙarasa. Ka kashe ta, ka cire caja da batir, ka kwance murfin ƙasa, ka ɗaga fanka. Tsakanin fankar da ƙarfen nan mai haƙora da iska ke fita ta cikinsa za ka tarar ƙura ta dunƙule. Hurawa daga waje ba ta fitar da ita, sai da burushi. In za ka hura, ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Sai ka ɗaga ƙarfen sanyaya, ka goge busasshen man da ke kan firosesa da sifirit, ka sa sabo ɗan kaɗan, girman ƙwayar shinkafa, ka ɗaure sukurori bi da bi yadda aka sa musu lamba. Kafin nan ka sauke HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta. Iyakar wannan firosesa digiri 100 ne. In tana haura 90 da ɗan aikin Word, an gama magana.

Malama mai koyar da kwamfuta: Yallaɓai Injiniya, shara ba ta da laifi, amma alamun ba su yi kama da zafi ba. Mai zafi fankarta ke ƙugi, ta rage gudu, in ya yi yawa ta kashe kanta. Wadda ta tsaya minti ɗaya ta dawo, jiran had dis take yi. Malam, in ta sake sandarewa ka danna Caps Lock ka ga ko fitilarsa na kunnuwa da mutuwa, ka kuma duba fitilar had dis ko ta tsaya a kunne ba ƙiftawa. Ka bar Task Manager, tagar da ke nuna aikin da kwamfuta ke yi, a buɗe a gefe (Ctrl, Shift da Esc tare), in ta farfaɗo ka ga ko Disk na kan kashi 100 alhali ba abin da kake kwafa. Sannan ka sauke CrystalDiskInfo, manhajar auna lafiyar had dis. In ya nuna Caution da ruwan ɗorawa, ka duba layin 05, C5 da C6. Ko wanne ya wuce sifili a ginshiƙin Raw Values, faifan, wato had dis ɗin, ya fara mutuwa. Amma kafin komai, yau ɗin nan, ka kwashe aikin mutane zuwa filasha.

Mai tambaya: Na gode Malama. Caps Lock ɗin wani lokaci yana amsawa, wani lokaci ko gezau. Amma had dis kam ba shi ba ne, ai an yi fomatin, kuma mai gyaran ya ce lafiyarsa lau. Filashata ƙarama ce, ba za ta ɗauka ba.

Malama mai koyar da kwamfuta: Fomatin ba ya warkar da faifai, Malam, sabon Windows kawai aka zuba a kan ciwon. Da me mai gyaran ya auna? Kuma amsarka ta nuna sandarewa iri biyu ce. Wadda Caps Lock ke amsawa, injin na raye, wani abu yake jira. Wadda ba ya amsawa, komai ya tsaya, a nan ake zargin ram, madabod ko wuta. Takardun Word ba su da nauyi, filashar 16GB ta ishe su.

Injiniya: Iri biyu, iri uku, duk zafi ne. Kwamfuta tokumbo a Gusau cikin bazara, ba a taɓa buɗe ta ba? Ku bar rikita yaro da lambobi. In yana shakkar faifan ya buga chkdsk /r ya huta.

Malama mai koyar da kwamfuta: Wannan kam a'a. Umarnin nan zai sa faifan karanta kowane lungu nasa na sa'o'i. In dama yana gargara, nan zai iya cikawa da aikin ɗaliban a ciki. Sai bayan an kwashe.

Baban Mafara: Ku duka kun bar caja. Cajojin da anka cika kasuwa da su yanzu, a rubuce 65W, ka ɗaga ka ji ba nauyi, cikinsu wayam. Ga ƙaramin janareta da wutarsa ke hawa da sauka, ga wayoyin da sunka sha ɗauri da leda. Masu sayarwa ba tsoron Allah, ka maido su ce kai ka ƙona. Ɗana, duba ƙasan kwamfutar ka ga bolt da am nawa anka rubuta, ka gwada da na jikin cajar. Bolt dole ya zo daidai, am na caja kada ya gaza. In maus na tsalle shi kaɗai da ka jona caja, to cajar ce. Gwaji mai sauƙi: cika batir, zare caja, yi aiki a haka.

Mai tambaya: Baba, batirin ba ya wuce 'yan mintuna, ba zan iya wannan gwajin ba. Cajar kuma ba ta asali ba ce amma mai tsada na saya.

Mai gyara daga Ƙaura: Oga, tambaya ɗaya. Ram 8GB ɗin, da shi ta zo ko ƙarawa aka yi?

Mai tambaya: Da 4 ta zo, na ƙara 4 wajen wani abokina. Amma ba shi ba ne, tana nuna 8GB cif, kuma mutumin ba zai cuce ni ba.

Mai gyara daga Ƙaura: Yaushe ka ƙara? Ba maganar cuta ba ce. Laftof mai firosesa ƙarni na huɗu DDR3L take so, mai bolt 1.35. Akwai DDR3 zalla mai bolt 1.5, bakinsu ɗaya, duk suna shiga rami ɗaya. Wata injin ta ƙi tashi da shi sam, wata ta tashi, ta nuna 8GB, sannan ta riƙa tsayawa yadda ka faɗa. Ka duba takardar jikin ram ɗin: PC3L shi ne daidai, PC3 babu L shi ne matsala. Ko irinsu ɗaya ne ma, wasu ram ɗin kasuwa daga matattun injina ake ciro su, ba mai gwadawa. Ka cire sabon, ka yi aiki da tsohon shi kaɗai na kwana biyu ko uku. Da dare ka sa MemTest86, manhajar gwada ram, a filasha, ka tashe ta daga nan, ka bar shi ya gama zagaye 4. Kuskure ɗaya tak ya isa hujja. Ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ba za ka san mai laifin ba.

Mai tambaya: Wajen lokacin da matsalar ta taso na ƙara shi dai, amma ina ganin ta ɗan fara kafin nan. Da 4GB kuma Chrome ba ya motsi, fom ɗin mutane zai tsaya.

Wani ɗan'uwa: Ni dai na ce Windows 10 ne. Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025. Ka koma 11.

Mai gyara daga Ƙaura: Daina tallafi ba ya sandarar da kwamfuta, sabunta tsaro ne ya tsaya. Kuma ƙarni na huɗu ba ya cikin jerin da Windows 11 ya yarda da su. In ana son raba gardama, a tashe ta da Linux Mint, wata babbar manhaja madadin Windows, daga filasha a wuni a kai. Ta sandare a can ma, to ba Windows ba ne, kuma da wuya ya zama had dis.

Injiniya: Duk wannan zagaye ne. Burushi da mai, rabin awa.

Malama mai koyar da kwamfuta: Malam, ga wanda ba sai ka kwance komai ba. Buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru a kwamfuta, shiga Windows Logs, sai System. Ka nemi abin da aka rubuta 'yan mintuna kafin lokacin da ta tsaya. Disk mai lamba 7 ko 153, ko storahci 129, faifai ne ko mahaɗinsa. Display 4101 direban hoto ne. WHEA-Logger kuma kayan ciki ne ke kuka.

Mai tambaya: Na duba. Kernel-Power 41 ne cike da jan alama. Ashe wuta ce, Baba ya yi gaskiya.

Baban Mafara: To, mi na ce?

Malama mai koyar da kwamfuta: Baba, a yi haƙuri, 41 ba ya nufin caja. Windows na rubuta shi duk sanda aka kashe ta ba bisa ƙa'ida ba, wato danne maɓallin da shi da kansa yake yi. Na ƙasa da shi nake tambaya, Malam. Akwai 153 ko 129? Me CrystalDiskInfo ya nuna?

Mai tambaya: Ban sauke ba tukuna, data ta ƙare, kuma mutane na jira a shago. Buɗe ta sai aiki ya lafa, ba zan iya kasadar wani sukuru ya ɓace yanzu ba. Na dai sayi abin ɗora laftof mai fanka a ƙasa, da safe ta yi lafiya, bayan la'asar ta sake tsayawa. Yanzu in na samo caja 90W maimakon 65W, zai taimaka? Kuma a ina ake samun ta asali a Gusau?

Injiniya: Fankar ƙasa ba ta cire ƙurar da ke ciki. Kawo ta a buɗe.

Malama mai koyar da kwamfuta: Ka kwashe takardun ko ba ka kwashe ba?