Akwatin kifi mara yashi a ƙasa: yaya za a yi ya dace da falo?

Ɗan Jidda ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da akwatin gilashi mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, wato lita 300 idan an cika shi maƙil. Kifin ado da ake kira discus guda shida ne a ciki, ba su gama girma ba. Na bar ƙasan haka nan, ba yashi ba tsakuwa, domin sau huɗu nake ba su abinci a rana, kashinsu kuwa ba a magana. Wajen tsafta alhamdulillahi, minti biyar da tiyo na gama. Damuwar ita ce a falo akwatin yake, inda ake saukar baƙi, kuma kallo ɗaya za ka yi masa ka ce daga shagon masu sayar da kifi aka ɗauko shi jiya. Gilashin ƙasa yana ƙyalli kamar madubi, ana hango wayoyi da tiyon filta ta baya, kifayen kuma sun fi son laɓewa a kusurwa ɗaya. Uwargida ta ce ko a gyara ko a kai shi ɗakin ajiya. Ba na son in zuba yashi. Me zan yi? Ruwanmu na famfo ne, wani lokaci na wayit, wato tankar ruwa, idan an ɗauke.

Mai Gilashi ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Fara da kashe madubin nan, don shi ne rabin matsalar, kuma mai yiwuwa shi ya sa kifayen ke tsorata. Idan akwai iska a ƙarƙashin gilashin, hasken da ya zo a karkace ba ya fita, dawowa yake yi cikin ruwa. Shi ya sa shimfiɗa baƙin ƙyalle ko kwali a ƙarƙashin akwatin ba ya magance komai: daga sama za ka ga launin, amma daga gaba, inda baƙo yake zaune, madubin na nan daram. Sai abin da ya manne da gilashin ba tare da iska a tsakani ba, wato fenti ko sitika.

Daga waje ake yin fentin, ba a ciki ba. A kwashe kifi a babban bokiti ko baho mai murfi tare da ruwansu, a sa musu iska da hita, a bar filta tana aiki a kan bahon don kada bakteriyarta mai tsaftace ruwa ta mutu. A zubar da ruwan akwatin gaba ɗaya. Kada a ce saura ɗan kaɗan ne a karkata shi, ruwan santimita 5 kawai a akwati irin naka kilo 30 ne, kuma nauyin da ya taru a gefe ɗaya shi ke buɗe silikon. Mutum biyu ko uku su kifa shi a kan bargo. A goge gilashin da sifirit har sai ba sauran maiƙon hannu, a liƙa tef a gefuna, sannan a shafa fentin ruwa na akrilik da ƙaramar rolar soso. Shafi uku sirara, a bar awa ɗaya zuwa biyu tsakaninsu. Shafi ɗaya mai kauri yana yin ƙuraje ya kuma ɓare. Shafin farko shi ne za a riƙa gani daga ciki, don haka a nan ake natsuwa. Idan ya bushe, a haska tocila ta ciki, duk inda haske ya ratsa a ƙara. A bar shi kwana ɗaya cur kafin a mayar.

Tunda an riga an sauke akwatin, a fente gilashin baya ma lokaci guda, wayoyi da tiyo su ɓace.

Batun launi kuma, mutane na rububin baƙi domin yana fito da kalar kifi. Ga discus a yi hattara. Irin da ake kira pigeon blood da danginsa, masu ruwan lemo da ja da fari, suna fesar da ɗigo-ɗigon baƙi a fuska da fukafukai idan aka kewaye su da duhu, kamar an barbaɗa musu masoro. Idan irinsu gare ka, ka zaɓi launin yashi a ƙasa, shuɗi mai haske ko fari mai ɗan duhu a baya. Launin yashi yana da wata fa'ida: daga kujera mutum zai ɗauka rairayi ne na gaske, kashi kuma ba ya ɓuya a kansa.

Idan akwatin ba shi da firam na roba a gindi, a shimfiɗa masa soso mai kaurin milimita 5 zuwa 10 a kan teburin. Mai firam ba a sa masa, a kan firam ɗin aka yi shi ya zauna.

Uwar Lambu ta rubuta:

Malam Mai Gilashi ya gama magana kan fenti. Ni a kan ado zan ƙara, ɗan'uwa, kuma ƙa'idar ɗaya ce: duk abin da za ka sa, ya taɓa ƙasa a wuri kaɗan, ruwa ya iya bi ta ƙarƙashinsa. Da zarar ka tara duwatsu a kwance, ka dawo gidan jiya, datti zai maƙale inda tiyo ba ya kai.

Nemi itace ɗaya babba mai rassa, wanda zai tsaya a kan ƙafa uku kamar murhu, tsawonsa wajen santimita 60 zuwa 70. Kada ka dasa shi a tsakiya. Auna santimita 40 daga gefe ɗaya ka ajiye shi can, rassan su miƙa zuwa ɓangaren da babu kowa. Discus a asalinsu cikin saiwoyi da rassan da suka faɗa ruwa suke zama a kogunan Amazon, rassan tsaye suna ba su wurin rakuɓewa, kuma kifin da ya san yana da mafaka ya fi fitowa fili. Itacen mopani yana nitsewa da wuri saboda nauyinsa, sai dai yana rina ruwa kamar shayi. A jiƙa shi a baho mako biyu ana sauya ruwa, ko a tafasa shi awa biyu idan akwai tukunyar da za ta ɗauka. Wani farin yauƙi zai iya fitowa a jikin sabon itace, ba ya cutarwa, a goge ko a ƙyale shi ya tafi da kansa. A lalubi rassan da hannu, duk mai tsini a goge shi da sanfefa, domin discus idan ya firgita a guje yake tafiya, ido da gefen jiki ne ke shan rauni.

Zafin ruwan discus digiri 28 zuwa 30 ne, ba kowane tsiro ke jure shi ba. Anubias da Java fern suna jurewa, kuma ba sa buƙatar ƙasa ko kaɗan. Suna da wata jijiya mai kauri da ke kwance, ganye na fita ta sama, saiwa ta ƙasa. Idan aka binne ta ruɓewa take yi. A ɗaure ta a jikin itace da zaren fatsa, ba da ƙarfin da zai yanke ta ba, ko a ɗiga supa gulu mai kauri sau biyu ko uku a manna na daƙiƙa 30. Gulun kan yi fari a ruwa, don haka a ɗiga inda ganye zai rufe. Bayan wata ɗaya zuwa biyu saiwar ta kama, a yanke zaren. Tushe shida zuwa takwas sun isa, a cusa su a mahaɗar rassa, kada a jera su kamar sahu.

Don tsayi a baya, tsiron Amazon sword biyu a ƙananan tukwanen ƙasa marasa fenti, masu faɗin baki santimita 10 zuwa 12. A toshe ramin gindin da ɗan soso, a zuba tsakuwa, a tura ƙwayar taki ɗaya ta akwatin kifi can ƙasa, a sabunta ta duk wata uku. Takin lambu ba ya shiga nan, amoniya zai zuba maka. Tukwanen a ɓoye su bayan itacen. Ranar wanki a ɗaga, a zuƙe ƙarƙashi, a mayar.

Kainuwa ma tana aiki, ita dai wadda muka sani a kududdufan gida, ana samunta a shagunan kifi da sunan Pistia. Saiwoyinta na lilo daga sama, tana rage haske, tana shan naitiret, wato sinadarin da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi. Amma ba ta son raɓar murfi tana ɗiga mata a ganye, kuma dashen Allah ce, yaɗuwa take yi ba neman izini. Kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa. A killace ta da zoben siririn tiyon iska.

Fitila kuma awa 6 zuwa 7 a rana ta wadatar, a sa mata taima ta kama daga la'asar zuwa bayan isha, lokacin da mutane ke falo. A matso da ita wajen gilashin gaba don haske ya sauka a gefen kifin da ake kallo. Anubias a hankali take girma, idan haske ya yi yawa gansakuka ce za ta riga ta cin ganyen.

Bamakke ya rubuta:

Me zai hana ya shimfiɗa tayil kawai? Tayil na fosilen mara sheƙi, launin dutse, a yanka shi daidai cikin akwatin. Ba sai an kifa komai ba, kuma ya fi fenti kama da ƙasar kogi.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa ya rubuta:

Tayil yana da kyau a ido, Alhaji, amma yana da sharaɗi. Tsakaninsa da gilashi akwai ɗan sarari, can ragowar abinci da kashi ke shiga su ruɓe ba iska. Bayan watanni idan aka ɗaga sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hanci. Hanya biyu ce. Ko a bar shi a sake, gunduwa biyu ko uku da za a iya ɗagawa duk mako biyu, a rage milimita 5 daga kowane gefe don kada ya hau kan silikon ɗin kusurwa. Ko kuma a liƙe kowane gefe da kowace mahaɗa, wanda shi ma sai an busar da akwatin. Silikon ɗin ya zama tsantsa, mai warin khal, wato binega, ba na banɗaki ba, domin na banɗaki akwai maganin hana fumfuna a cikinsa, yana kashe kifi. A ba shi aƙalla kwana biyu, inda ya yi kauri har mako. Ga mai ciyar da ƙananan discus sau huɗu a rana, fenti ya fi sauƙin sha'ani.

Abin da ba a taɓo ba shi ne tafiyar ruwa, alhali ƙasa mara yashi kyanta tsafta ne, kashi guda biyar a tsakiyar fili sun ɓata duk adon. A juya bakin da filta ke fitar da ruwa ya bi tsawon akwatin ta sama, ya daki gilashin can gefe, ya sauko ya dawo ta ƙasa. Bakin da ke zuƙa ya kasance a gefen da ruwan ya fito, santimita 2 zuwa 3 daga gilashin ƙasa. Haka datti zai riƙa gangarowa kusurwa ɗaya bayan itace. A gwada da ɗan barbashin abinci, a ga inda ya tsaya. Filtar da ke juya lita 1,200 zuwa 1,500 a awa ta isa lita 300. Idan kifayen na karkacewa suna kokawa da ruwa, ƙarfin ya yi yawa, a sa bututu mai ramuka a raba shi. Gilashin ƙasan kuma a goge shi da sabon soso da bai taɓa ganin sabulu ba sau biyu a mako, kafin sauya ruwa, domin discus na barin yauƙi a kai, shi ke sa ya dushe.

Tunda babu tsakuwa, kusan duk bakteriyar da ke cinye amoniya a filta take zaune. A cika ta da zoben yumɓu, a ƙara filtar soso ɗaya a kusurwar baya a matsayin ta ko-ta-kwana. Ba a wanke su da ruwan famfo, kulorin zai kashe su, da ruwan da aka zuƙo daga akwati ake ɗauraye su, kuma ba a rana ɗaya ba.

Ruwan Jidda kuwa mafi yawansa na teku ne da aka cire wa gishiri, na wayit kuma ba lallai ya zo iri ɗaya kullum ba. Sayi abin gwajin KH, wato ma'aunin ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami. Idan ya gaza digiri 3, pH na iya faɗuwa, wato ruwan ya yi tsami, farat ɗaya a akwatin da ake ciyarwa da yawa, ka wayi gari kifi sun yi baƙi suna haki. Giram 3 na bikarbonat, wato bakin soda ba bakin foda ba, yana ɗaga lita 100 da digiri ɗaya. A narka a ruwan canji, a ƙara a hankali. Da rani ruwan tankin saman bene yakan fito da zafin da hannu ma ba ya so, don haka a tara shi a durom ya kwana da dutsen iska mai fitar da kumfa, a sa maganin kulorin, a auna zafinsa kafin a zuba. Kada kuma zafin gari ya sa a cire hita. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na kwana a kunne, falo ya yi sanyi, ruwa ya sauka ƙasa da 28. Hita mai wat 300 a kwance can baya ƙasa-ƙasa, itace ya kare ta.

Idan za a sa dutse, a ɗiga masa khal tukuna. Wanda ya yi kumfa, irin murjani da farar ƙasar bakin Bahar Maliya, yana narkewa ya ƙara wa ruwa ma'adinai, bai dace da discus ba. Baƙin dutsen aman wuta irin na harrar Madina ba ya narkewa, Anubias kuma na kama shi da kyau, amma yana da kaifi kuma yana karce gilashi. A manna masa ɗigon silikon uku a gindi su bushe su zama ƙafafu.

Ɗan Jidda ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Nawa huɗu pigeon blood ne, don haka launin yashi zan yi. Saura tambaya ɗaya, Baba: wani ɗan'uwa zai taho min da famfon filta daga Kano, akwai abin dubawa?

Tsohon Ma'aikacin Ruwa ya rubuta:

Amin. A duba takardar da ke jikinsa kafin a biya kuɗi. Wutar Najeriya da ta Sudan 50Hz ce, ta Saudiyya 60Hz. Famfon da aka rubuta masa 50Hz kaɗai yana iya yin ƙara, ya yi zafi, ko ya ƙi tashi bayan an ɗauke wuta an dawo. A nemi mai 50/60Hz, ko ka saya a nan. Idan kuma tsohon gini kake, ka auna soket ɗin, wasu har yanzu volt 127 suke bayarwa ba 220 ba.