Targaɗen idon sawu: abin da aka tattauna

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda ake kula da targaɗen idon sawu, kowa ya yarda cewa kwana 2 zuwa 3 na farko na hutu ne. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20 duk bayan awa 2 ko 3, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙafar kan matashi ta fi ƙirji tudu. Gashi da ruwan zafi da tausa a wannan lokacin kumburi kawai suke ƙarawa.

An yi ta ja-in-ja kan yaushe za a fara takawa. Masu cewa a kwanta har ciwo ya tafi ba su gamsar da ni ba, domin gaɓar da aka bari ba motsi sandarewa take yi. Da zarar zafi ya lafa, a riƙa juya sawun a hankali, sannan a koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya. Wannan atisayen, da mutane ke rainawa, shi ke rage sake gurɗewa.

Wanda ya kasa yin taku 4, ko ƙashin idon sawun ke zafi in an danna, ya je asibiti a ɗauki hoto, ƙila karaya ce.