Na goge lambar yabon kakana ta canja kama, me zan yi da sauran?

Jikan Tsohon Soja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kayan sojan marigayi kakana ne suka faɗo hannuna: lambar yabo ta Tauraron Burma mai tsini shida, lambar Yaƙin 1939 zuwa 1945, da banati a cikin kubensa na fata, an buga 1907 a gindin ruwansa. Garin neman gira na rasa ido. Na sa wa tauraron man goge tagulla na dirje shi, ya yi wal kamar yau aka ƙera shi, sai kuma ga wani farin gari ya maƙale a lungun rubutun. Banatin na da ɗigo-ɗigon jan tsatsa, an ce in jiƙa shi a ruwan kal ya kwana. Ban taɓa shi ba tukuna. A taimaka da shawara.

Mai Tara Lambobi: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ajiye man nan tun da wuri. Akwai ɓarɓashi mai kankara a cikinsa, duk goga ɗaya yana tafiya da ɗan ƙarfe, da sannu rubutun zai lafe. Duhun da ka cire shi ne shaidar shekarun abin, kuma shi ke kare abin da ke ƙasa. Masu tarawa sun fi daraja lamba mai duhunta a kan wadda aka dirje. Amma kada ka damu sosai: tauraron haɗin jan ƙarfe da zinki ne, zai sake yin duhu da kansa, sai dai ba yau ba gobe. Farin garin ragowar man ne. Ka sa tsinken sakace da auduga mai ɗan danshi ka fitar da shi, ka busar sarai. Ɗayar lambar haɗin jan ƙarfe da nikel ce, ba azurfa ba, laushin ƙyalle ya ishe ta. Ribon ɗinsu kuwa ko ruwa kada ya gani.

Tsohon Maƙeri: Yaro, wanda ya ce ka sa ruwan kal bai so ka da alheri ba. Tsami zai ci tsatsar, ya haɗa da baƙin rinin da aka yi wa ƙarfen tun a masana'anta, ka wayi gari da ƙarfe toka-toka. Na taɓa yi wa wata wuƙa haka, har yau ina jin haushin kaina. Tsatsa iri biyu ce. Ja mai gari tana da rai, tana ci. Baƙa mai santsi ta mutu, ƙyale ta. Ka ɗiga wa jar man keken ɗinki, ka bar shi kwana biyu ya ratsa, sannan ka kankare da gefen ɗan guntun jan ƙarfe, don ya fi ruwan banatin laushi. In ta ƙi, soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, cikin mai, hannu sama-sama. Ban da sanfefa. Inda tsatsa ta riga ta yi rami, ramin ya zauna kenan. Ka kiyaye wajen tambarin kambi da 1907, nan asalin abin yake.

Jikan Tsohon Soja: Na gode Baba. In na gama in mayar da shi kube?

Tsohon Maƙeri: A'a. Fata na riƙe laima, ita ta jawo maka wannan. Su zauna gefe da gefe.

'Yar Adana Kayan Tarihi: Malam, ƙari a kan na su Baba. Mai yana kama ƙura, don haka ka share shi tas, ka shafa kaki siriri irin Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken Gidan Tarihin Birtaniya a shekarun 1950. In ya bushe ka goge da ƙyalle. Ka riƙa sa safar hannu, gishirin gumi na barin zanen yatsa. Kada ka ajiye lambobin a ledar PVC, kore mai danƙo take fitarwa. Ka jefa ƙunshin silika, mai tsotse laima, a akwatin ajiyarsu. In kuma ka ga kore fari-fari mai gari da ke dawowa bayan an share, ware wannan lambar, sai ƙwararre.

Jikan Tsohon Soja: Allah Ya saka, Hajiya. Na zare banatin daga kube yanzu, ashe ɓangaren da ke ciki ya fi tsatsa. Na ɗiga man, jibi zan turo hoto.