Taƙaitaccen abin da aka faɗa kan kalmomin titi na Turawan Ingila

'Yan uwa, hirar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro don sababbin zuwa.

1. Kowa ya yarda "You alright?" gaisuwa ce kawai, kamar "sannu". Ba tambayar lafiyarka ake da gaske ba, don haka kada ka tsaya ba da labarin ciwon kai. Ka mayar da ita, ka wuce. Wannan ta fi rikita mutane, ni ma ta rikita ni.

2. "Cheers" godiya ce, har direban bas ana ce masa.

3. Kuɗi: "quid" fam ɗaya, "fiver" fam 5, "tenner" fam 10.

4. "Knackered", gajiya liƙis.

5. A arewacin Ingila, "tea" na iya nufin abincin dare. Aka gayyace ka, kada ka ci ka ƙoshi kafin ka je.

6. "Pants" ɗan kamfai ne a can, ba wando ba kamar a Amurka. A kiyaye.

An rabu kan "mate". Wasu sun ce kowa aboki ne a bakinsu, wasu sun ce bai dace ka ce wa malaminka ko dattijo haka ba. Ina tare da na biyun.